Yadda Za Ka Ɓatar Da Hoton Iyayenka Kana Kallonsa Kullum A Kwamfuta

Kana da kyamara mai nauyi? Dangi sun fara kiranka mai hoto? To, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya ba ka sa wayonka a ciki ba, za ka ɓatar da hoto mafi daraja da ka taɓa ɗauka, kuma ka ci gaba da ganinsa da idonka kamar yana nan lafiya. Ba sai ɓarawo ya shigo ba. Ba sai yaro ya zuba ruwa a kwamfuta ba. Kai kaɗai ka isa.

Hanyar gwadaddiya ce. Ni a kan iyayena na gwada ta, ta kuwa yi aiki tun karon farko.

Kayan aiki: kyamara, kwamfuta, uba kafinta, uwa wadda ba ta son hoto, yaya mace marar haƙuri, da kuma yarda da kai fiye da kima. In babu na ƙarshen, ajiye takardar nan, ba za ka yi nisa ba.

Mataki na 1: Ka raina hoton da ake iya turawa

Hoton da za a ɗauka yanzu a tura a waya yanzu, wannan na 'yan koyo ne. Kai ka saita kyamararka ta riƙa ɗaukar abin da mu masu sana'a muke kira RAW, wato ɗanyen hoto. Fayil ne ƙato wanda ya kwashe duk hasken da ya shiga kyamara, amma ba a gama shi ba. Wayar dangi ba ta buɗe shi. Sai ka shigar da shi manhajar gyara, ka daidaita haske da launi, sannan ka fitar da kwafin da mutane za su iya gani.

Amfaninsa biyu ne. Na farko, inganci. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, daga yau babu mai ikon cewa ka turo masa hoto. Duk wanda ya tambaya, ka ɗan yi murmushin tausayi ka ce ɗanye ne, sai an gyara. Da wannan jimlar kaɗai na rayu shekaru a cikin dangi ana girmama ni, alhali ba wanda ya taɓa riƙe hoto ɗaya da na ɗauka.

Mataki na 2: Ka ɗauki hoton da ba za a sake samu ba

Ba a ɓatar da abin da ba a da shi, don haka sai ka fara da sa'a.

Ka je shagon Baba ranar da zai rufe shi gaba ɗaya. Gwiwa ta gaza, ido ya ragu, mai ginin kuma yana son wurinsa. Ka iske an tattara zarto da guduma a buhu, garin katako ya rufe daɓe, ƙusoshi sun cika tsoffin gwangwanayen madara. Ka yi ta ɗauka kamar ana biyanka. Ka ɗauki ƙusa, ka ɗauki bango, ka kwanta a ƙasa ka ɗauki ƙafar teburin aiki.

Sai Inna ta shigo. Ka san halinta: da ta hango kyamara sai ta ɗaure fuska ko ta kai hannu baki. Amma ranar ta manta da kai. Ta tsaya kan Baba ta ce masa tunda yau ya bar yi wa duniya aiki, ba shi da sauran uzuri a kan ƙofar kabad ɗin kicin da ta karye tun kana firamare. Baba bai ko ɗago ba, ya ce ta bi layi kamar kowane kwastoma, kuma shago ya rufe.

Inna ta fashe da dariya, ta dafa kafaɗarsa, shi ma ya kasa riƙe tasa. Kai kuma ka danna.

Ka nuna wa Baba a bayan kyamara. Zai daɗe yana kallo, sannan ya buɗe hannuwansa iya faɗinsu ya ce, "Auta, wannan nake so. Babba. A falo."

Ka ce masa ya ɗauka an gama.

Mataki na 3: Ka gina gida mai ɗakuna da yawa

Ƙwararru suna sa wa folda kwanan wata da sunan taro. Wannan ƙarancin basira ne. Kai ka buɗe folda ka kira ta Sabo. In ta cika, Sabo Biyu. Daga nan Sabo Na Gaske, sai A Duba, sai A Duba Da Gaggawa, sai Kada A Taɓa, wadda ita za ka fi taɓawa. Hotunan shago ka raba su uku: Shagon Baba, Shagon Baba Zaɓaɓɓu, da wata da ka manta ka sa wa suna. Fayilolin kansu ka bar musu lambobin da kyamara ta ba su. Hoto mai suna yana da saurin samuwa, mu kuwa ba wannan muke nema ba.

Lokacin shigar da su manhaja, za ta tambaye ka girman ɗan kwafin da za ta ajiye don nuna maka a allo. Ka zaɓi mafi ƙanƙanta, don kwamfuta ta yi sauri. Kai mutum ne mai aiki da yawa.

Sannan ka sayi diski na biyu don ajiyar ko-ta-kwana, ka saita shi ya riƙa kwaikwayon duk abin da ka yi a na farko. Ka ƙara, ya ƙara. Ka cire, ya cire. Ka ba kowa labarin cewa hotunanka suna wuri biyu. Katin kyamara kuwa ka share shi tas a makon, domin maƙwabci yana da taro kuma ka riga ka yi masa alkawarin hotunan da ba zai taɓa gani ba.

Wata hikima a kyauta: mai tsari ba ya neman abu. Yana dai da tabbacin yana nan wani wuri.

Mataki na 4: Ka tace kamar alƙalin da bai karya ba

Nan ne zuciyar aikin, ka natsu.

Hotuna sun yi yawa, dole a tace. Masu kyau a ba su taurari, marasa kyau a sa musu baƙar tuta. Kuskuren 'yan koyo shi ne su kalli hoto gaba ɗayansa. Kai kada ka yi haka. Ka zuƙo shi har ido ɗaya ya cika allo, ka kulle a haka, ka riƙa wucewa daga hoto zuwa hoto. Gashin ido ya fito tsaf? Tauraro. Ya yi dishi-dishi? Baƙar tuta. Kada ka tsaya tambayar idon wane ne, ko me mai idon yake yi.

To, mai dariya ba ya tsayawa cak. Kan Inna ya motsa, kyamara kuma ta kama wani tsohon zarto da aka bari rataye a bango maimakon fuska. A girman da ka zuƙo ba za ka ga dariya ba, ba za ka ga hannu a kafaɗa ba. Za ka ga wani ido rabi a rufe, ba kaifi. Danna baƙar tuta ka wuce. Ba zai ɗauke ka lokacin ƙiftawa ba.

Taurari biyar ka ba gwangwanin ƙusa. Ya fito da kyau, har tsatsa ana gani. Ka ba Baba huɗu a inda ya haɗe rai yana kallon ƙofa.

Duk masu baƙar tuta ka tura su folda ɗaya, ka kira ta Shara. Ka miƙe, ka yi miƙa, ka ji kai wani ne.

Mataki na 5: Ka yi shara ta bayan gida

Wata rana kwamfuta za ta nuna ja, wuri ya ƙare. Kada ka buɗe manhaja ka goge daga ciki, tana yawan tambayar ko ka tabbata. Ka zagaya ta baya, ka je inda foldoji suke, ka kama Shara ka goge, ka zubar da kwandon ma. Diski na biyu, bawan Allah mai biyayya, zai yi yadda ka yi.

Kyawun wannan dabara shi ne manhaja ba ta san abin da ya faru ba. Za ta ci gaba da nuna maka ƙananan kwafin nan a jere, kowa a mazauninsa. Abin da ya canza kawai wata 'yar alama ce a kusurwar kowane hoto, ba ta kai ƙwayar gero ba. Kada ka kula ta. Da magana ce mai muhimmanci, ai da an rubuta ta da manyan baƙaƙe.

Mataki na 6: Ka ba kafinta awo

Baba zai zo gidanka da kansa, ya zauna a kujerar da ke gefen teburinka, ya tambayi hoton. Ka buɗe manhaja ka yi ta gangarawa har ka hango shi. A ƙaramin girma ba ya ɓuya: ga Inna, ga dariya, ga hannu a kafaɗa. Za ka ga baƙar tuta a kansa, ka yi mamakin wane marar hankali ya sa ta. Ka cire ta da sauri, ka jera masa taurari biyar. Shi ke nan, ka ceto shi.

Baba zai tambayi girman da zai iya kaiwa. Ka tuna masa cewa ɗanyen hoto ne, ko bango guda ake so zai rufe. Ka ba shi awo mai tsoka.

Abin da zai biyo baya ba laifinka ba ne. Baba zai kwance buhun kayan aikin da ya ɗaure, ya fito da katakon da ya ɓoye tun shekaru yana cewa ba na kwastoma ba ne. Zai zauna a tsakar gida yana yanka, yana gogewa, yana hutar da gwiwa, yana komawa. Zai yi firam irin wanda ba ka ganin inda kusurwa ta haɗu da kusurwa. Sannan ya rataye shi a falo, fanko, saitin ƙofa, wai don hoton ya iske wurinsa a shirye.

Mataki na 7: Ka ja lokaci da kalmomin sana'a

Yanzu kowane baƙo da ya shiga falon sai ya tambayi firam, Baba kuma ya ce Auta yana gyarawa. Kai aikinka ka samar da dalilai. Launin fata bai zauna ba. Allon kwamfutarka yana ƙara ja. Kana jiran sabuwar manhaja mai cire dishi-dishi. Kada ka buɗe hoton don gyara. Muddin ba ka taɓa shi ba, yana nan.

Inna za ta taimake ka ba da saninta ba, don ita cewa take firam ɗin ya fi kyau a haka. Matsalarka Yaya ce.

Yaya za ta zo maka da safe ranar da ba aiki, ta ajiye jaka a kan teburinka, ta cire takalmi. Za ta ce jiya ta iske Baba yana goge ƙurar firam da hannun rigarsa, kuma ita ba za ta sake ganin wannan ba.

"Buɗe," za ta ce. "Ko koriya ce fuskar, haka za a wanke shi."

Ka fara bayanin haske. Za ta ce ta ji, buɗe. Ka danna hoton. Manhaja za ta ce ba ta ga fayil ɗin ba, ko za ka nuna mata inda yake?

Ka yi dariya ka ce ƙaramin abu ne. Ka duba Shagon Baba. Ka duba Zaɓaɓɓu. Ka duba Sabo, Sabo Biyu, Sabo Na Gaske. Ka rubuta lambar fayil ɗin a wurin nema, kwamfuta ta kawo maka hotuna masu lamba iri ɗaya daga shekaru daban-daban: tayar mota, ɗan maƙwabci yana kuka, babban yatsan ƙafarka. Ka jona diski na biyu da fuskar wanda ya yi tanadi. Ka iske shi tsaf, kamar na farko.

Yaya za ta nuna allo da yatsa ta ce, "Amma ga shi nan ina gani."

Ka yi mata bayanin cewa wannan ba hoton ba ne, ɗan kwafinsa ne. Za ta tambaya to ina uban kwafin. A nan ana so ka yi shiru. Ni na yi, kuma shi ne abu mafi inganci da na yi a duk aikin.

Mataki na 8: Ka nemi masu ceto

Ka ɗauki diski biyun ka kai wa mai gyaran kwamfuta. Zai karɓa da fara'a, ya ce ya dawo da abin da ya fi wannan mutuwa. Tambaya ɗaya zai yi: tun da aka goge, an sake zuba wani abu a kai? Ka ce kaɗan. Kada ka ambaci taron maƙwabci na biyu, da wasan makarantar yara, da yammacin da ka yi kana ɗaukar tantabaru a kan waya.

Zai dawo maka da abubuwa da yawa. Rabin bango. Hoto mai launin toka daga wuya zuwa ƙasa. Gwiwar wani. Zai ba ka haƙuri, ya ce da ka zo da wuri.

In wannan ta ƙi, ka sake ɗauka. Ka ce wa iyayenka kana son ƙarin hoto don daidaita haske, ka kai su tsohon shagon. Za ka iske an yi masa fenti ruwan hoda, ana sayar da rigunan waya da caja. Ka roƙi mai shagon ya ɗan matsa. Ka tsayar da Inna, ka ɗora hannunta a kafaɗar Baba. Hannun zai zauna kamar an manta da shi a wurin. Ka ce ta yi dariya, ta kai ɗaya hannun baki. Ka ce wa Baba ya maimaita maganar kabad.

Zai ce ai ya gyara ƙofar kabad tuni.

Sannan ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Auta, ina na farkon?"

Ka ce yana kwamfuta. Ba ƙarya ka yi ba, kuma ba zai yarda ba.

Mataki na 9: Ka wanke abin da ya rage

Yaya za ta tsaya a kanka ka fitar da ɗan kwafin nan, ta raka ka wurin mai wankin hoto don kada ka ɓace a hanya. Ka nemi a buga shi a awon firam. Mai wankin zai gwada kusurwa ɗaya ya nuna muku: fuskar Inna ta zama daɓe-daɓen tayil, hancin Baba murabba'i uku. Zai yi ta rage girma kuna kallo, yana ragewa, yana ragewa, har fuskokin suka koma na mutane. Inda ya tsaya bai wuce katin shaida ba.

Ka sa shi a ambulan babba, don mutunci.

A falo, ƙarƙashin firam, ka miƙa wa Baba. Ka shirya jawabi a kan diski da manhaja, amma Yaya za ta riga ka, ta faɗi komai a jimla biyu, ba ta rage maka ko tauraro ɗaya ba. Baba zai zazzage ambulan, hoton ya faɗo a tafin hannunsa. Zai gyara tabarau, ya matsa kusa da taga. Inna za ta leƙa ta ce madalla, a wannan girman ba mai ganin haƙoranta.

Baba zai daɗe yana kallon hoton. Kada ka katse shi da bayani.

"Dariyar tana nan," zai ce daga ƙarshe. Ya ɗaga kai ya kalli bango. "Sauko min da shi."

Mataki na 10: Ka riƙe katako

Ka sauko da firam ɗin ka bi shi tsakar gida. Za ka ɗauka ɗaki zai kai shi ya ajiye. A'a. Zai ɗora shi a kan benci, ya auna ɗan hoton da tef, ya ja layi da fensir a jikin katakon da ya ƙi sayar wa kowa, ya ɗauko zarto.

Ka ce wa Baba a bar shi mana, za ka ɗauki wani hoton da zai cika shi. Ka ce wannan karon za ka sa kwanan wata, za ka ajiye wuri uku.

Zai kama hannunka ya ɗora a gefen firam ɗin.

"Riƙe nan," zai ce. "Ba gyara na ce ka yi ba. Riƙewa kawai."

Ka riƙe. Za ka ji kowane jan zarto a tafin hannunka, garin katako yana zuba a kan takalminka. Kafin rana ta yi zafi, ƙaton firam ya zama guntaye a ƙasa, da wani ɗan ƙarami da kusurwoyinsa suka haɗu ba a ganin layi. A kan teburin gefen gadonsa yake yanzu. A bangon falo kuwa ƙusa ce kaɗai, kuma baƙi sun daina tambaya.

In ka kawo nan, ka kammala. Barka.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba ya ɗaukar alhakin duk abin da ya biyo bayan aiki da ita, ko hoto ne ya ɓata, ko katako, ko matsayinka a idon yayarka. Sakamako yana bambanta daga gida zuwa gida: wani uban zai yi faɗa, wanda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Wanda ya sa wa folda kwanan wata, ko ya kalli hoto gaba ɗayansa kafin ya yanke masa hukunci, ya saɓa umarni, kada ya zo yana ƙorafin cewa hotunansa sun ƙi ɓata. Masu neman hotunan da na ɗauke su a taruka daban-daban kuma su ƙara haƙuri. Ɗanye ne, sai an gyara.